Ku Tambayi Likita: Na'urorin Bibiyar Bugun Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau biyu ko uku a mako nakan ji gabana yana dukan uku-uku haka kawai, bayan 'yan mintoci ya lafa. Sau biyu ana yi mini ECG ana cewa lafiya lau. Ko na'urar ce ba ta da kyau? (Wani malamin makaranta, Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce laifin na'ura ne. ECG na asibiti, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, bugun kimanin daƙiƙa 10 kacal yake ɗauka, alhali zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda. Abin da ke zuwa sau biyu a mako, sai an yi babban dace zai faɗo cikin waɗannan daƙiƙoƙi.

Don irin wannan aka ƙirƙiro Holter, wadda ta ci sunan Norman Holter, wani masani daga jihar Montana ta Amurka. Ta farko da ya haɗa a ƙarshen shekarun 1940 goya ta ake yi, nauyinta wajen kilo 38. Ta yanzu tana shiga aljihu. Ana manna 'yan faifai masu ɗanko a ƙirji, ta yi ta naɗar bugu na awa 24 zuwa 48. Sai dai a naka yanayin kwana ɗaya na iya wucewa abin bai zo ba, don haka ka tambayi likitanka game da faci mai mannewa irin Zio, wanda ke kai kwana 14, ko a tsawaita maka Holter. Mai suma jefi-jefi, sau ɗaya a wata shida misali, shi ake dasa wa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, kamar Reveal LINQ, wadda batirinta ke kai kimanin shekara 3.

Yawancin gwajin Holter da ke lalacewa daga fata ne. A aske gashin wurin, a goge da sifirit, a bari ya bushe. Kada a shafa mai ko basilin ranar. Gumi na ɓanɓare faifan, shi ya sa a lokacin bazara ake ƙara filasta. Alwala ba matsala, wanka ne zai jira. Sannan ka riƙe takarda: duk sanda abin ya taso ka rubuta ƙarfe nawa ne da abin da kake yi. In babu wannan rubutu, likita zai ga canji a layi amma ba zai san ko shi ne ke damunka ba.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da agogo mai auna zuciya. Ya isa in daina zuwa gwaji? (Wani dattijo, Maraɗi)

Amsa: Bai isa ba, Alhaji. Aiki biyu irin waɗannan agogo ke yi, kuma mutane na haɗa su. Koren hasken da ke bayansa yawan jinin da ke kai-komo a fata yake lura da shi, ya ƙirga bugu. Wannan ba ECG ba ne. ECG na gaske sai a wasu kaɗai, irin Apple Watch daga Series 4 na 2018, inda za ka ɗora yatsan ɗaya hannun a maɓallin gefe mai juyawa na daƙiƙa 30. Kusurwa ɗaya yake hango zuciya, na asibiti kuwa 12.

Inda ya yi fice shi ne gano hargitsin bugun da ake kira AF, wanda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5 kuma wasu ba sa jin alamarsa. Amma ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Ciwon ƙirji mai danna mutum, da gumi, ko mai sauka hannun hagu, asibiti za a nufa ko da agogo ya ce komai daidai. Wajen aunawa a zauna, a ɗora hannu kan tebur, a ɗaure madauri ya kama fata. In ya nuna matsala, a adana zanen a waya a kai wa likita.

Tambaya: Mahaifiyata na da ciwon zuciya, muna auna ta da na'urar yatsa. Tun da ta yi lalle lambar take ta rawa. (Wata baiwar Allah, Zariya)

Amsa: Hajiya, na'urar haske biyu take ratsa yatsa da su, ja da wani da ido ba ya gani, ta auna wanda jini ya shanye, ta haka ta gane yawan iskar oksijin da ke cikin jinin. Duk abin da ya tare hasken zai rikita ta. Jan lalle bai cika hanawa ba, baƙi ne da jan farce suka fi. Ki nemi yatsan da lallen bai kama sosai ba, ki murza hannun ya yi ɗumi musamman da hunturu, ki jira minti ɗaya lambar ta tsaya, ki kuma gwada bugun da ta nuna da wanda kika ƙirga a wuyan hannu.

Akwai abin da ya fi lalle muhimmanci. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa a baƙar fata na'urar takan nuna iskar oksijin ta isa alhali ta yi ƙasa, kusan ninki 3 na yadda take yi a farar fata. Saboda haka in Mama na haki ko ta kasa kwanciya a miƙe, kada 94 ko 95 ya kwantar miki da hankali.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a ƙaramin asibitin karkara. Da an tayar da janareta sai layin ECG ya yi kauri kamar haƙoran zarto. (Daga jihar Jigawa)

Amsa: Abokin aiki, wutar ce ke shiga. Siginar zuciya kimanin milibolt 1 ce, lantarkinmu kuwa yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma janaretan da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba ya fi zubo wannan ƙara. Ka caja na'urar, ka zare ta daga soket, ka yi gwajin a kan batir. Ka nisanta caja da fanka daga gado, ka kunna matatar 50 Hz da ke cikin na'urar, mai tace wannan ƙara.

In bai gyaru ba, duba fata. Willem Einthoven na Holan, wanda ya samu kyautar Nobel a 1924 kan ECG, cikin bokitan ruwan gishiri yake tsoma hannuwa da ƙafar majiyyaci, domin busasshiyar fata ba ta wuce da sigina sosai. Faifan da jel ɗinsa ya bushe a zafin sito shara ne. Ka kuma kula da faifan ƙirji na V1 da V2: tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 suke zama, dama da hagun ƙashin ƙirji. In aka ɗaga su sama sukan zana abin da ya yi kama da tsohon ciwon zuciya ga mai lafiya. A takardar sakamako, layin I ya kife, layin aVR ya miƙe sama? Fara zargin an musanya wayoyin hannu.

In mai karanta sakamakon ne babu, ana iya tura shi. Cardiopad, wadda injiniya ɗan Kamaru Arthur Zang ya ƙera ya kuma ci kyautar Rolex da ita a 2014, tana aika ECG ta layin waya zuwa likitan zuciya a birni. Hoton takardar da aka ɗauka tsaf ma yana aiki, muddin ana ganin saitin 25 mm a daƙiƙa da 10 mm kan milibolt a jikinta.