Bazara da haɗarin nutsewa a ruwa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, tunda zafi ya kankama yarana suke sulalewa kududdufin bayan unguwa da tsakar rana. Babbansu ya iya iyo, ba zai kula da ƙannensa ba? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Malama, don Allah kada ki ɗora wa yaro wannan nauyin. Galibi wanda ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya kiran kowa. Bakinsa ne ke nutsewa yana tasowa, iska kawai yake nema, na kusa da shi sai su zaci wasa yake. Kafin a ankara ya ɓace. Kuma yawancin kududdufan nan ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini: taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku ya shanye mutum, ga taɓo a ƙasa mai riƙe ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a shekarar 2021, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Su waɗannan ba sai sun je kududdufi ba. Bahon wanki da aka bari a tsakar gida ya isa. Mai rarrafe ya leƙa bokiti, kai ya rinjaye shi, ba zai iya ɗagowa ba. A zubar da ruwa a kife mazubi, a yi wa rijiya murfi mai nauyi. Af, in kin ga jini a fitsarin yaran, a duba su, tsargiya a irin ruwan kududdufin nan ake ɗauko ta.

Tambaya: A garinmu in an tsamo mutum, kifa shi ake yi a danna cikinsa ruwa ya fito. Daidai ne? Daga wani manomi a bakin Tiga.

Amsa: A'a, Malam. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya komawa huhunsa. Abin da ya rasa numfashi ne. Kwantar da shi rigingine, ka ɗaga haɓarsa. In ba ya numfashi, toshe hancinsa ka hura masa iska ta baki sau 5, sannan ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, ka hura sau 2, ka yi ta maimaitawa yayin da wani ke nemo mota. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, don numfashi na iya rikicewa bayan 'yan awoyi.

Wajen ceto kuma, kada ka faɗa in ba ka ƙware ba. Wanda ya firgita yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare. Miƙa masa gora, ko ka jefa masa jarkar da ba komai a ciki, a rufe, ɗaure da igiya.

Tambaya: Ƙanwata na da farfaɗiya, za ta iya zuwa wanki rafi?

Amsa: Ba ita kaɗai ba, 'yar'uwa. Ciwon na iya tashi tana duƙe a bakin ruwa, kuma ko iya idon sawu ne zai iya halaka ta. Ta riƙa shan maganinta kan lokaci, a ɗebo mata ruwan ta yi wankinta a gida.