Masaukin wata ɗaya a Guangzhou: otal ko haya, Xiaobei ko Sanyuanli?

Alhaji, ka ce wannan ne zuwanka na farko Guangzhou, za ka yi wata guda kana saro takalma da jakunkuna, tafiyar a watan Oktoba ce, kana tambaya ko otal ya fi ko ka kama ɗaki haya, kuma wace unguwa, tunda an ce maka Xiaobei ce matattarar baƙi. To Allah ya sa a je a sa'a. Amma kafin maganar unguwa da kuɗi, akwai abin da yake gaba da su duka, shi ne rajistar masauki.

Dokar shige da fice ta Chaina, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2013, ta ce duk baƙon da ya sauka a wani wuri da ba otal ba, wajibi ne a yi masa rajista a ofishin 'yan sandan unguwar cikin awa 24. In otal ne, su ke yi maka a kan teburinsu lokacin da suka karɓi fasfonka. In gidan haya ne ko gidan aboki, kai ko mai gidan ne zai je. Wanda bai yi ba ana iya yi masa gargaɗi, ana iya cin sa tara har yuan 2,000 na kuɗin Chaina. Tarar ma ba ita ce babbar matsalar ba: takardar rajistar nan ita za a fara tambayarka in ka je neman ƙarin kwanaki a biza, kuma a Xiaobei 'yan sanda suna tsayar da baƙi su duba takardu, wani lokaci har ƙofa suke ƙwanƙwasawa. Saboda haka duk ɗakin da aka nuna maka, tambayar farko ita ce: za a yi mini rajista a wannan adireshin? In mai gida ya fara kame-kame, ko ya ce ba komai, kowa haka yake zama, ka yi masa godiya ka fita, ko da kyauta zai ba ka.

Dalilin kame-kamen kuwa sananne ne. Yawancin masu ba da ɗaki na ɗan lokaci ba su ne masu gidan ba, haya suka kama su ma suke sake bayarwa, 'yan Chaina suna kiran irinsu "er fangdong", wato mai gida na biyu. A ofishin 'yan sanda za a nemi yarjejeniyar haya, da katin shaidar mai gidan, da takardar mallakar gidan, da fasfonka. Mai gida na biyu sau da yawa ba ya riƙe da takardar mallaka, ko kuma mai gidan na ainihi bai san an saka baƙo ba. Nan ake tsayawa, kuma kuɗinka ya riga ya shiga aljihunsa.

Don haka ga mai zuwan farko da zai yi wata ɗaya, ni dai otal nake ba wa ƙarfi, ko kuma irin ɗakunan nan masu teburin karɓar baƙi da ake gudanarwa kamar otal amma da ɗan wurin girki da injin wanki a ciki. Hayar gida sosai ba a tsara ta don mai wata guda ba. Al'adar Guangzhou ita ce "ya er fu yi", ka ajiye kuɗin wata biyu na jingina ka biya na wata ɗaya, yarjejeniya kuma ta shekara ce, ga la'adar dillali da takan kai rabin kuɗin wata. Wanda ya yarda ya ba ka wata ɗaya zai ɗora farashi, ya karɓi ajiyar wata guda, sannan ranar tafiyarka, kana sauri jirgi na jiranka, ya gano tabo a bango. Kuɗin da ka yi niyyar sarin kaya da su ba su da dalilin kwanciya a hannun wani.

Yadda ake yi shi ne ka kama ɗakin kwana uku kacal kafin ka taso, a shafin kama otal na Trip.com ko makamancinsa. Kada ka ɓata lokaci kan Airbnb, sun daina harkar gidaje a cikin Chaina tun Yulin 2022. Kafin ka biya, ka aika musu saƙo ka tambaya ko suna karɓar mai fasfon ƙasarka, ka ajiye amsar a waya. A watan Mayun 2024 hukumomin ƙasar sun sanar cewa ba a yarda otal ya kori baƙo da hujjar ba shi da izinin saukar da 'yan ƙasar waje ba, amma har yanzu akwai ƙananan wuraren da yaron kan tebur bai iya shigar da fasfo a kwamfuta ba, sai ya ce maka babu ɗaki, kai kuma ga ka da akwatuna ƙarfe ɗaya na dare. A cikin kwana ukun nan ne za ka zaga da ƙafarka, ka ga wuri huɗu ko biyar, ka nemi manaja ka tambayi farashin wata. Farashin wata daban yake da na kwana, kuma ba a rubuta shi a intanet, a baki ake cinikinsa. In kun daidaita, ka nemi biyan mako-mako ko rabi-rabi, kowane biya da rasit.

Sai dai watan da ka zaɓa yana da nasa lissafi. Daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ƙasa ne, masana'antu da shaguna da dama a rufe, otal kuma cike da 'yan ƙasa masu yawon buɗe ido. Daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba kuma babban baje kolin Kanton ne a Pazhou, kashi uku, kuma farashin ɗaki yakan ninka, musamman a kashin farko na 15 zuwa 19. In ka iso wajen 8 zuwa 10 ga wata ka ƙulla farashin wata kafin kasuwar ta buɗe, ka sa a rubuta a rasit cewa farashin ya haɗa da kwanakin baje kolin. In ba a rubuta ba, ranar 14 za a kira ka a ce akwai ƙari. Takalma da jakunkuna a kashi na uku ake baje su, daga 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, don haka zuwan 10 ga wata zai haɗa maka duka biyun: ƙulla farashi kafin baje kolin, da halartar kashi na uku.

A nan ka duba bizarka da kyau. In kwana 30 aka buga maka, ana fara ƙirga daga washegarin shigarka: wanda ya shiga 10 ga Oktoba, ranarsa ta ƙarshe 9 ga Nuwamba. Wuce wa'adi tararsa yuan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Ka sa tikitin komawa ya rage kwana biyu kafin wa'adin, masaukin kuma ka biya daidai da tikitin. Neman ƙarin kwanaki sai da saura aƙalla kwana 7 ake shigar da shi.

Yanzu unguwa. Xiaobei, wadda ake furtawa kamar Shawbe, tana gundumar Yuexiu, a kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Nan ne ginin Tianxiu yake a bakin titin Huanshi, cike da ofisoshin masu kago, wato masu aika kaya zuwa gida, da 'yan canji da shagunan sari, a bayansa kuma unguwar Dengfeng da titin Baohan inda gidajen abinci na halal suke jere, na Musulmin Chaina da na Larabawa da na mutanen Afirka ta Yamma. Yawan baƙi ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya, musamman bayan abin da ya faru a Afrilun 2020 lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal, amma har yanzu ita ce wurin da Musulmi baƙo zai ci abinci hankali kwance, ya sami mai jin Larabci ko Faransanci, wani lokaci har Hausa. Sanyuanli da titin Guangyuan Xi kuwa sun fi kusa da kasuwannin fata da tufafi, 'yan kasuwar kudancin Najeriya sun fi yawa a can, ɗakuna sukan ɗan fi sauƙi, abincin halal kuma sai an nema.

Ga mai takalma da jaka bambancin nisan ba wani abu ba ne. Kasuwannin takalma suna titin Zhanxi kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, tasha ɗaya ce daga Xiaobei. Daga nan ka sauya zuwa layi na 2, tasha ɗaya ta kai ka Sanyuanli inda kasuwannin jaka suke. Saboda haka ka kwana a Xiaobei ka yi ciniki a can. Taojin, tasha ɗaya ta gabas, ta fi tsabta da shiru, ta kuma fi tsada. In da iyali ka zo, can zan ce. Da a ce tayil ko kujeru ka zo saye, da na ce ka raba watan ka koma Foshan, amma kai iyakarka wuni ɗaya ko biyu a Shiling ta gundumar Huadu, inda masana'antun jakar suke. Ka tuna dai duk sanda ka sauya masauki sabuwar rajista ce.

Juma'a, yawancin baƙi masallacin Xianxian suke zuwa, kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2. Nan ne kabarin da mutanen garin suke danganta wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Tsohon masallacin Huaisheng mai hasumiya yana kusa da tashar Ximenkou a layi na 1.

Shi ɗakin kansa, abin dubawa na farko taga ce. Ɗakin da ya fi kowanne arha a otal sau da yawa ba shi da taga ko kaɗan. Kwana biyu ana jurewa, wata guda a garin da danshi ya yi wa yawa kuwa, kayanka za su yi fumfuna, samfurin jakar fata da ka ajiye zai fara wari. Ka shinshina ɗakin, ka buɗe kabad, ka duba kusurwar bango bayan labule. A cikin lungunan Dengfeng akwai benaye da suka matsu da juna har ana ce musu masu musabaha, wai maƙwabta na iya gaisawa ta taga. Rana ba ta shiga, da yawansu ba lifta, hawa bakwai da katan a kafaɗa ba wasa ba ne, mota kuma ba ta kaiwa bakin ƙofa. Ka tsaya a wurin da motar ɗaukar kaya za ta iya tsayawa a gabansa. Ko da yake gara ma kada ka mai da ɗakinka sito: ka sa masu shago su kai kaya kai tsaye wurin mai kagonka, samfuri kawai ka shigo da shi.

In wurin mai mita ne, ka tambayi kuɗin yunit ɗaya na wuta kafin komai. Farashin hukuma na gidan zama yana wajen yuan 0.6, amma masu irin waɗannan ɗakuna sukan caji 1 zuwa 1.5. Oktoba da sauran zafi a Guangzhou, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki kuma tana iya shan kusan yunit ɗaya a awa. A ce awa 10 a rana, kwana 30, yunit 300 ke nan: yuan 180 a farashin hukuma, 300 zuwa 450 a na mai gida. Jikin na'urar akwai takarda mai launi da lamba, 1 ita ce mafi tsimin wuta. Ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa ranar shiga a gaban mai ɗakin, ka tura masa ta WeChat, manhajar saƙo da biyan kuɗi ta Chaina, haka ma hoton duk wani tabo ko abin da ya karye. Ka tambayi kuɗin kula da gini da na intanet da na share ɗaki ranar fita, domin su ne ake ɓoyewa sai ƙarshe.

Banɗaki: in hitar ruwa ta gas ce kuma tana cikin banɗakin ba bututun fitar da hayaƙi, kada ka karɓa, irinta tana kashe mutum a rufaffen wuri ba tare da ya ji warin komai ba. Ta lantarki mai tanki ta fi. Ka zo da butarka, ba za ka tarar da ita ba. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa. Wutarsu 220 ce kamar ta gida, amma filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga yawancin soket ɗinsu, sai da mahaɗi. Ka duba ragar taga ma, domin sauron garin yana ɗauke da zazzaɓin denge, kuma kaka ce lokacinsa.

WhatsApp da Google da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin otal, saboda haka ka sauke WeChat da manhajar biyan kuɗi ta Alipay da taswirar Amap tun kana gida, ka haɗa katin dala a kan WeChat da Alipay. Biyan da ya haura yuan 200 da katin waje ana ɗora masa kashi 3 cikin ɗari, shi ya sa kuɗin ɗaki na wata gara a ba da su a hannu a karɓi rasit mai hatimi. Ka sa a rubuta maka adireshin masaukin da rubutun Chaina ka riƙe a aljihu, direban tasi ba zai gane na boko ba. Fasfo kuma doka ce ya kasance a jikinka kullum, kada ka bar wa kowane mai ɗaki shi a matsayin jingina.

Wataƙila tafinta ko wakilin da zai tarbe ka ya ce ka sauka gidansa, kyauta. Karamci ne, wasu kuma da zuciya ɗaya suke yi. Amma wanda kake kwana ƙarƙashin rufinsa ba ka iya ce masa farashin shagon da ya kai ka ya yi tsada, shi kuwa la'adarsa a can take. Ba ka kuma san matsayin takardun sauran mutanen gidan ba. In aka zo bincike aka sami wanda bizarsa ta ƙare, gaba ɗaya ake tafiya da ku ofis kafin a tantance. In dole sai ka sauka can, ku je ofishin da ke kula da baƙi a Dengfeng, ko na 'yan sandan unguwarsa, a ranar da ka iso, ka karɓi takardarka mai ɗauke da sunanka da adireshin gidan, ka ɗauki hotonta a waya, ainihin kuma ka saka ta cikin fasfo.