Amsa ga 'yar'uwa da masu bin bashi suka dame ta bayan rasuwar mahaifinta

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Kin ce tun kafin a yi sadakar bakwai wani kamfanin ba da rance ta waya ke kiranki, wai ku 'ya'yansa ne za ku biya.

'Yar'uwa, bashin yana kan dukiyar da ya bari ne. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, ta sa a fitar da bashi da wasiyya kafin a raba gado. Idan abin da ya bari bai kai ba, ba a tilasta wa magaji ya cika daga aljihunsa, sai fa wanda ya sa hannu ya tsaya masa. Wanda ya biya don sauke wa mahaifinsa nauyi ya yi alheri babba, domin hadisi ya nuna ran mumini na rataye da bashinsa har a biya.

Amma kada ki tura ko kwabo tukuna. Ki nemi su kawo takardar yarjejeniya da lissafin uwar kuɗi daban, kuɗin ruwa daban. Ki tambaye su ko rancen na da inshora, don wasu bankunan na haɗa ta, kuma ita ke biya idan wanda ya ci bashin ya rasu. Ku aika musu takardar shaidar mutuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne zagi da barazanar tona asiri ga dangi. Ki adana saƙonnin, ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Rabon gadon kuwa, ku kai shi kotun shari'a, masu bin bashin ma su je can su kawo hujjarsu.