Amsa ga ƙanina mai son karatun gwajin haɗarin jirgin sama

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin injiniyan kanikanci a gida, kana son zuwa nan Turai ka ƙware a gwada yadda jikin jirgin kwamfozit, wato zaren kabon da aka manne da rezin, ke jure faɗuwa, amma ba ka san ta inda za ka fara ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin mu 'yan Arewa ba mu da yawa a wannan fanni.

Fara da gane matsalar. Idan jirgin alminiyom ya daki ƙasa, ƙarfen yana lanƙwasa yana motsewa, a haka yake shanye ƙarfin dukan kafin ya kai ga fasinja. Zaren kabon da aka manne da rezin ba ya lanƙwasa. Ko dai ya riƙa niƙewa kaɗan-kaɗan ya shanye dukan, ko ya tsage farat ɗaya, komai ya sauka a ƙashin bayan wanda ke zaune. Aikinmu duka shi ne tilasta masa ya niƙe a inda muke so, musamman a ƙasan benen kaya. Kusan rabin nauyin jikin Boeing 787 kwamfozit ne, na Airbus A350 kuwa kashi 53 cikin 100, shi ya sa hukumar FAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta gindaya wa 787 sharaɗin kare fasinja daidai da jirgin ƙarfe. A ranar 2 ga Janairun 2024 wani A350 ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokiyo, ya ƙone ƙurmus, amma dukkan mutane 379 da ke ciki suka fita da rai. Mutum biyar na ƙaramin jirgin sun rasu.

Kada ka ɗauka kullum jirgi ake sakowa daga sama. Wannan gwaji tsada gare shi, sai nadiran, a wurare irin cibiyar NASA ta Langley. Yawancin rayuwarka a gaban kwamfuta za ta ƙare, kana lissafi da manhajar LS-DYNA ko Abaqus, sannan ka murƙushe 'yan gutsattsari a ɗakin gwaji ka ga ko lissafin ya gaskata. Don haka tun kana gida ka riƙe ilimin ƙarfin kayan aiki da yaren kwamfuta na Python gam-gam. Shi malamai ke dubawa.

Batun ƙasa kuwa, ni Jamus nake ba ka shawara. A Amurka dokokin tsaro kan hana baƙo taɓa ayyuka da dama na wannan fanni. Ingila akwai jami'ar Cranfield, amma kuɗin makaranta da nauyi, kuma sai ka samu takardar ATAS, wato izinin gwamnatin Birtaniya na karanta irin wannan fanni, kafin biza. A birnin Stuttgart na Jamus, cibiyar binciken jiragen sama da sararin samaniya ta ƙasar, wato DLR, tana wannan bincike kusa da jami'a. Baƙo yana biyan Yuro 1,500 kowane zangon karatu a jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart take, sannan ana so a ga kusan Yuro 12,000 na shekara a asusunka. Ka fara koyon Jamusanci yanzu, ka kuma turo mini takardun sakamakonka in duba kafin ka cike fom.