Tambaya da Amsa: Yarona Zai Je Kallon Haukan Teku a Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarona yana karatu a Brest, ƙasar Faransa. Ya kira ni ya ce idan Disamba ta kama, shi da abokansa za su je bakin teku kallon guguwa, wai haka mutanen garin suke yi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In hana shi ne, ko akwai yadda ake yi lafiya? Wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya ba shi sa'ar karatu. Abin da ya faɗa miki gaskiya ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iska mai ƙarfi take tasowa daga yamma, ta tsakiyar tekun Atilantika, ta zo ta daki gaɓar Bretagne inda Brest take, kuma mutane kan fita kallo. Iskar ba ta wasa ba ce: a guguwar Ciarán, farkon Nuwamban 2023, an auna gudunta ya kai kilomita 207 a awa a Pointe du Raz, wani tsinin gaɓa a Bretagne. Amma mai kallo, ruwa ne ya fi kashe shi, ba iska ba. Mu a ganinmu kada ki hana shi. Yaron da aka hana yakan tafi a ɓoye ba shiri. Gara ki gindaya masa sharuɗɗa.

Na farko, ya duba taswirar gargaɗi ta hukumar hasashen yanayi ta Météo-France kafin ya fita. Launi huɗu ne: kore, rawaya, ruwan lemu da ja. Akwai gargaɗi na musamman kan raƙuman ruwa da ambaliyar teku, wanda aka ƙara a 2011 bayan guguwar Xynthia ta Fabrairun 2010, wadda a ƙauyen La Faute-sur-Mer kaɗai ta kashe mutum 29, galibinsu cikin gidajensu da dare. In rawaya ce, ya je ya tsaya nesa. In ruwan lemu ce ko ja, ya zauna a ɗaki.

Abu na biyu shi ne ya fi wuya ga ɗan Maradi, don bai tashi da shi ba: teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa 6 da minti 12 tsakanin janyewa da cika. Ruwan kuma ba a hankali yake hawa daidai wa daida ba. A awar farko kaɗan yake motsawa, har mutum ya raina shi, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin cikar gaba ɗaya take zuwa. A garin Saint-Malo na Bretagne, inda tazarar cika da janyewa takan kai mita 12, ruwa na iya hawa mita 3 a awa guda. Haka baƙi suke halaka: a bi yashi zuwa wani dutse, a tsaya ɗaukar hoto, a waiwayo a tarar hanya ta zama ruwa. Faransawa suna da lambar da suke auna ƙarfin cikar da ita, daga 20 zuwa 120, ana samunta a jarida da waya da allunan tashar jiragen ruwa. In ta haura 90, cikar babba ce. Ke ma kina iya lissafa masa daga nan gida, domin manyan cika suna zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan cikarsa. Mummunar rana ita ce wadda babbar cika da guguwa suka haɗu, domin faɗuwar nauyin iska ma tana ɗaga teku, iskar kuma ta ingiza ruwan zuwa tudu.

Sai wurin tsayawa. Ya hau sama, ya tsaya bayan shinge, kan hanyar da aka tanada. Kada ya taka bangon tashar jiragen ruwa, kada ya sauka kan duwatsu. In ya ga ƙasa a jiƙe ko da kumfa a wurin, ruwa ya riga ya kai nan, zai kuma dawo. Ya tsaya minti 20 daga nesa yana kallo kafin ya zaɓi wuri, saboda raƙuman ruwa ba girmansu ɗaya ba. In hasashe ya ce mita 5, to cikin ƴan awoyi ɗaya na iya zuwa da kusan ninki biyu. Kada kuma ya juya wa teku baya, ko don hoto. Bakin gaɓar ma yakan rufta bayan ruwan sama ya jiƙa shi.

Ruwan yankin a lokacin sanyi bai wuce kimanin digiri 10 zuwa 12 ba. Wanda ya faɗa, numfashinsa ne yake fara ƙwace masa a minti na farko, ko da gwanin iyo ne. Idan aboki ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A jefa masa abin da ke yawo kan ruwa, a sa masa ido, a kira 196, lambar ceto a teku, ko 112.

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo a waya, igiyar ruwa ta tashi sama da wata jar hasumiya, mutane suna tsaye suna kallo, rana kuma tana haske. Haɗin kwamfuta ne? Ɗalibi, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, da alama Nazaré ka gani, a Fotugal, kuma wurin gaskiya ne. Ƙarƙashin tekun akwai wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 230, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 5,000, kuma ya zo har dab da gaɓa. Igiyar da ta biyo zurfin ta fi ta gefenta gudu, sai su karkata su haɗu a wuri guda su miƙe. A nan ne Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsawon mita 26.21 ranar 29 ga Oktoban 2020. Sai dai kyamara mai jawo nesa tana matse tazara, shi ya sa kake ganin kamar ruwan zai haɗiye ƴan kallo, alhali suna can saman dutse.

Batun rana kuwa, ka san Gulbin Maradi yakan kawo ruwa ba tare da an yi ko yayyafi a gari ba, don can sama aka yi ruwan. Teku ma guguwa takan tashi ɗaruruwan kilomita nesa, raƙumanta su iso bayan kwana ɗaya ko biyu sararin sama fes. Irin wannan rana ta fi daɗin kallo, ta kuma fi yaudara. Masana suna duba tazarar lokaci tsakanin igiya da igiya: in ta kai sakan 15, ruwan daga nesa ya taho, kuma zai hau tudu fiye da yadda ido yake zato.

Tambaya: Wane kaya ake sawa? Mai karatu, Sabon Gari.

Amsa: Riguna uku a jere: ta ciki mai ɗumi, suwaita, sannan rigar ruwa mai hula. A guji auduga, in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Babbar riga da lema a bar su a gida, iska kama su take yi. Takalmi mai riƙe ƙasa, ba silifa ba. Waya a leda mai zif, don feshin gishiri yana cin ƙarfen cikinta, sanyi kuma yana shanye batir da wuri. A Disamba rana tana faɗuwa a Brest wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma, saboda haka a fita da hantsi, a kuma gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.