Addar da ke tsalle a kan ɗanyen icce

Ka ce addarka tana dakushewa tun hantsi, kuma in ka kai wa ɗanyen reshe sara sai ta yi tsalle ta dawo maka, shi ne kake tambaya ko ka sake wata. Dakata tukuna, ɗana, mu duba aikin da kake sa ta.

Adda ta ciyayi ce, da sarƙaƙiya, da rassan da ba su fi kaurin wuyan hannunka ba. Abin da ya wuce haka na gatari ne ko zarto, kuma zarton ɗanyen icce mai manyan haƙora ne masu tazara, don jiƙaƙƙiyar dusa tana toshe ƙananan haƙora. In za ka zaɓi adda, mai tsawon santimita 45 ta wadatar. Duba ƙarfen ya ratsa cikin ƙota har ƙarshe, kusoshin ba sa motsi. Ni na fi son baƙin ƙarfe a kan farin da ba ya tsatsa, don ya fi saurin karɓar washi, sai dai yana son kulawa.

Tsallen nan kuwa daga bakin yake. Ya yi kauri ya dunƙule, ba ya cizo. Ka danne addar a kan kututture, ka ɗauki magagari ka riƙa turawa gaba kawai, kana ɗagawa in za ka dawo; goga shi gaba da baya yana cinye haƙoransa. Ka yi ta yi har ka ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen in ka shafa daga baya zuwa baki, sannan ka juya. Gefen biyu a haɗe su ba da kusurwa kamar digiri 30. In ka sirantar da shi fiye da haka, ƙullin icce na farko zai yi masa giɓi. Ka ƙarasa da dutsen washi da ruwa. Wajen tafin hannu guda daga ƙota ka bar shi ba kaifi, saboda ranar da hannu zai zame.

Injin washi nake jiye maka. Da zarar baki ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurinsa, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin.

Saran ma a karkace ake yinsa, kamar digiri 45, ta yadda zai bi jijiyar iccen. Ka riƙe maƙata a ɗaya hannun kana janye ƙaya, kuma kar ka bari baki ya taɓa ƙasa, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata washin safiya.

In an tashi aiki, ka goge danƙon iccen da tsumma da ɗan kananzir, ka busar, ka shafa mai sama-sama. Ƙotar gatari in ta fara girgiɗa, kar ka jiƙa ta a ruwa: za ta kumbura yau, ta bushe gobe ta fi da girgiɗa. Canza ta, ka nemi busasshen icce mai miƙaƙƙiyar jijiya marar ƙulli.