Tambaya da Amsa: Ƙwan LED da launin zare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kasuwar Barci, Tudun Wada. Tun da muka koma ƙwan LED, in na zaɓi jan zaren surfani da daddare, da gari ya waye sai in ga bai hau da shaddar ba. Ƙwan kuma in ya kwana biyu sai haskensa ya koma shuɗi-shuɗi. Idona ne ko ƙwan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, idonka lafiya lau. Cire murfin wani mataccen ƙwai ka duba, za ka ga 'yan ɗigo masu ruwan ɗorawa jere a kan faranti. A ƙarƙashin kowane ɗigo akwai ɗan ƙanƙanin abu mai fitar da haske shuɗi zalla. Ruwan ɗorawan nan hoda ce da ake kira fosfo, an kwaɓa ta da silikon an shafe shi da ita. Tana shanye wani kaso na shuɗin ta mayar da shi rawaya, sauran ya ratsa ya wuce, in suka gauraya ido ya ga fari.

Shuji Nakamura ne ya fitar da shuɗin LED mai ƙarfi a 1993 a kamfanin Nichia na Japan, farin ya biyo baya a 1996, kuma a 2014 shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel. Hodar da aka fara da ita, YAG mai ɗan sinadarin seriyum, har yau ita ta fi yawa saboda araha da juriya. Sai dai jan da ke cikin haskenta kaɗan ne. Zare kuwa abin da ya sauka a kansa yake mayar wa ido, in ja bai isa ba sai ja-wur da jan garura su yi kama da juna. Abin na ci mini rai, domin tela ake ɗora wa laifi, shi ke warware aikin dare guda. Ƙarancin jan nan ne ya sa masana suka ƙirƙiro jajayen hodoji masu yurofiyum ko manganis, ana haɗa su da rawayan.

In za ka sayi ƙwai, duba kwalin ka nemi CRI ko Ra, wato lambar da ke nuna yadda hasken ƙwan ke fito da launuka daidai. Na gida yawanci 80 ne, kai 90 ko sama ya kamace ka. Lambar 6500K ko 3000K sanyin launi ko ɗuminsa kawai take nunawa. Komawa shuɗi kuwa aikin zafi ne: yana raunana hodar, yana tsufar da silikon, shuɗin ya riƙa tserewa. Kada ka kulle ƙwai a gidan fitila marar iska, balle a watan Afrilu ƙarƙashin kwano.

Bari in ƙara maka wani abu da ya shafi sana'arka. Yanzu ana haɗa hodoji masu kuromiyum da ke mayar da shuɗin nan hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Kamfanin Osram ya fitar da irin wannan LED a 2016. Da hasken ake auna danshi da sukari a abinci ba tare da an yanka ba, masu tace tsofaffin tufafi a Turai kuma da irinsa suke rarrabe auduga da yadin roba. Burin masu binciken shi ne na'urar ta ƙanƙance har ta shiga wayar hannu.